Bayan korona: Jirgi ya koma sama, amma tafiyar ta sauya

Mafi yawan ɗaliban da ke manyan azuzuwan sakandare a yau suna firamare lokacin da aka ce kowa ya tattara littattafansa ya koma gida, a watan Maris na 2020. Abin da yaro zai iya tunawa daga wancan lokaci bai wuce dogon hutu ba, da takunkumin fuska, da bokitin wanke hannu a ƙofar asibiti. Amma akwai abin da ya faru a saman kawunanmu wanda ba kowa ya lura da shi ba. Farin zaren nan da jirgi kan bari idan ya ratsa can ƙololuwa, wanda yara a Jega ko Maiyama kan ɗaga kai su bi da ido, ya yi wuyar gani. Sararin sama ya yi tsit.

A ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da korona a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Kafin ƙarshen Maris an rufe filayen jiragen sama na Kano da Inugu da Fatakwal, sannan na Legas da Abuja, ba shiga ba fita sai jirgin kaya ko na gaggawa. Sai 8 ga Yuli jiragen cikin gida suka fara tashi, na ƙasashen waje kuwa sai 5 ga Satumba. Haka abin yake a ko'ina. A 2019 an yi jigilar fasinjoji kimanin biliyan 4.5 a duniya. A 2020 suka koma biliyan 1.8. A watan Afrilun shekarar, jiragen fasinja sama da 16,000 ne ke ajiye a ƙasa, an jera su kamar motoci a tasha ranar yajin aiki.

A lokacin wasu sun yi ta cewa shi ke nan, zamanin yawo a jirgi ya wuce, tunda ga shi ana taro ta waya kowa yana ɗakinsa. Hasashen bai tabbata ba. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama barazanar gaggawa, kuma a 2024 masu hawa jirgi sun zarce na 2019. Jirgi dai ya dawo. Sai dai wanda ya san yadda ake tafiya kafin annobar, in ya je filin jirgi yanzu, zai tarar kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya.

A nan, jirgi na alhazai ne

A Landan ko Dubai, in an ce jirgi, hutu da harkar kasuwanci ke faɗo wa mutane a rai. A Aliero kuwa, in ka ji an ce wane zai hau jirgi, tambayar da za ta biyo baya ita ce ko ya biya kujera. Gidaje da yawa a yankin nan mutum ɗaya ko biyu ne suka taɓa shiga jirgi, kuma hanyar Makka ce ta kai su. Saboda haka duk wanda zai yi maganar makomar jirgi a ƙasar Gwandu, daga aikin Hajji ya kamata ya faro.

Kakannin kakanninmu da ƙafa suke zuwa, ko bisa jaki da raƙumi. Su ratsa Kano da Borno, su shiga Chadi da Sudan, suna tafe suna yada zango su yi noma ko ƙodago su tara guzuri, har su kai gaɓar Bahar Maliya su tsallaka zuwa Jidda. Wani ya yi shekara biyar, wani ya fi haka, wani kuma ya zauna a hanya har abada. Shi ya sa har gobe akwai unguwanni da garuruwan Hausawa a Sudan. Jirgi ya fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamban 1925, lokacin da wasu ƙananan jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar. Daga shekarun 1950 alhazai suka fara raja'a ga jirgi, tafiyar shekaru ta koma ta awa huɗu zuwa biyar.

Wannan sauƙin ne aka saba da shi har aka ɗauka ba abin da zai taɓa shi. Sai ga 2020. A shekarar da ta gabace ta mutum kusan miliyan 2.5 suka tsaya a Arfa. A 2020 Saudiyya ta hana kowa shigowa daga waje, 'yan tsiraru daga mazauna ƙasar suka yi aikin. A 2021 aka yarda wa mutum 60,000, su ma mazauna can. Shekara biyu cur ba jirgin alhazai ko ɗaya da ya tashi daga Najeriya. Da aka buɗe ƙofa a 2022, kujera 43,008 kacal aka ba ƙasar nan, da sharaɗin allurar korona, da gwaji kafin tashi, kuma ban da wanda ya haura shekara 65. Ku auna halin dattijon da ya sayar da shanu ko ya tara kuɗin albasa na shekaru ya biya a 2020 yana ɗan shekara 64. An ce ya jira, ya jira, da aka buɗe kuma aka ce shekarunsa sun wuce. Sai a 2023 aka cire wannan ƙa'ida, aka maido wa Najeriya kujerunta 95,000.

Shekara guda bayan haka Jihar Kebbi ta shiga labarai. Ranar 15 ga Mayun 2024, daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, jirgin farko na alhazan Najeriya baki ɗaya ya tashi da maniyyatan jihar sama da 400. Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ne ya zo ya ƙaddamar da jigilar tare da Gwamna Nasir Idris. Maniyyaci daga Maiyama ya fito ta Jega ya nufi Birnin Kebbi, ba sai ya je Sakkwato ko Kano ya kwana a sansani ba.

Darasin a nan shi ne akwai tafiyar da waya ba ta iya maye gurbinta. Manajan kamfani zai iya yin taronsa ta Zoom. Ɗan kasuwar da ya saba zuwa Dubai ko Chaina saro kaya ya koyi zaɓen kaya ta WhatsApp a turo masa, kuma da yawa ba su koma yawan zirga-zirgar da ba. Amma ba a ɗawafi ta waya, ba a yi wa maras lafiya tiyata a Masar ko Indiya yana kwance a gida. Irin tafiyar da mutanenmu suka fi yi tana cikin wadda ba ta da madadi, don haka buƙatar jirgi a nan ba za ta ragu ba. Abin tambaya shi ne wa zai iya biya.

Lissafin kujera

Ga aikin gida ga masu son lissafi. A 2019 kujerar Hajji ta kama kimanin naira miliyan 1.5. A 2022 ta kusa miliyan 2.5, a 2023 ta doshi miliyan 2.9, a 2025 kuwa maniyyacin Arewa ya biya sama da miliyan 8.4. Wato cikin shekara shida ta ninka fiye da sau biyar. Da jin haka sai mutum ya ce korona ce ta jawo. To ku raba miliyan 1.5 da 306, farashin dala a hukumance a 2019: za ku samu dala 4,900 ko kusa da haka. Ku kuma raba miliyan 8.4 da 1,500, wanda shi ne kusan farashin dala a 2025: dala 5,600. Ashe a dala ƙarin bai taka kara ya karya ba. Naira ce ta faɗi, musamman bayan da gwamnati ta sakar mata mara a watan Yunin 2023.

Me ya haɗa jirgin da zai tashi daga Ambursa da dala? Kusan komai nasa. Da dala ake sayen jirgi ko a ɗauko hayarsa, da ita ake biyan inshora, da ita ake sayen kayan gyara tun daga taya har ƙusa. Mafi yawan manyan gyare-gyare, irin wanda ake kwance jirgi a duba haƙarƙarinsa, a ƙasashen waje ake kai su. Kamfanin Najeriya yana karɓar naira a hannun fasinja, yana kashe dala. Ga kuma mai, wanda kan lashe kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da kamfani ke kashewa. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, kamfanonin jiragen Najeriya suka koka cewa litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700 cikin 'yan watanni, har suka yi barazanar ajiye aiki a watan Mayu. A shekarar ce mafi arahar tikitin cikin gida ya koma naira 50,000, kuɗin da yanzu ake tunawa da shi kamar kyauta.

Yaƙi ma yana da nasa kason. A Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke a Sudan aka rufe samaniyarta, alhali ta nan miƙaƙƙiyar hanyar alhazanmu take, ita ce dai wadda magabata suka bi da ƙafa. Dole jirage suka riƙa zagaye, wani har ya ƙara kusan awa biyu, kamfanoni suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci. Abin da ya faru a Khartum ya taɓa aljihun manomi a Aliero.

Akwai ɗan haske. Matatar Ɗangote da ke Legas ta fara fitar da man jirgi a 2024, har tana sayarwa ƙasashen waje. Hukumar alhazai ta NAHCON kuma ta buɗe asusun adashin gata a 2020, inda mutum zai riƙa zuba kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru. Amma a ganina kada ɗalibi ya sa rai jirgi zai yi araha nan kusa. Muddin kayan gyara da masu gyaran daga waje suke, farashin tikiti zai ci gaba da bin dala sau da ƙafa.

Cuta ma fasinja ce

A 1918 wata muguwar mura ta zagaye duniya. Jirgin ruwa ne ya kawo ta Legas a watan Satumba, ta biyo layin dogo ta hauro Arewa. Ta ɗauki makonni tana tafe. A yau mutum zai kamu da cuta a wata nahiya da safe, ya yi sallar isha'i a Abuja bai ma fara jin zazzaɓi ba. Haka Ebola ta shigo a ranar 20 ga Yulin 2014, a jikin wani fasinja daga Laberiya. Wata likita a Legas, Dakta Stella Adadevoh, ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Ita ma cutar ta kama ta ta rasu, amma tsayuwar da ta yi na cikin dalilan da suka sa mutum 20 kawai suka kamu a ƙasa mai mutum sama da miliyan 170.

Abin mamaki, cikin jirgin kansa bai kai yadda ake tsoro ba. Kusan rabin iskar da fasinja ke shaƙa sabuwa ce daga waje, sauran rabin kuma ana tace ta da wata matata mai suna HEPA da ke kama sama da kashi 99 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi. Duk minti biyu zuwa uku iskar ɗakin ta sauya. Ajinku mai ɗalibai tamanin da taga biyu bai samu wannan gata ba, balle motar haya daga Jega zuwa Yawuri da gilashi a rufe saboda ƙura. Hatsarin ya fi yawa a cunkoson layi, da zama kusa da mai tari, da kuma abin da mutum zai kai garin da ya sauka.

Shi ya sa takardar lafiya ta zama ta biyun fasfo. Mu a nan ba baƙon abu ba ne. A 1996 sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Arewacin Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, kuma a shekarar Saudiyya ta hana 'yan Najeriya zuwa Hajji. Har yanzu ba a barin maniyyaci ya tafi sai da shaidar allurar sanƙarau da ta shawara, a kuma ɗiga masa maganin shan inna ko da ya yi furfura. Ɗaliban yankin nan ba sa buƙatar a ba su labarin sanƙarau. A farkon 2025 ya ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero, aka yi rashe-rashe, har aka rufe jami'ar Aliero na wani lokaci. Idan irin wannan ta yi ƙamari gab da jigilar alhazai, kujerar mutanen jiha guda na iya shiga rububi. Allurar da ake yi a ƙaramin asibitin unguwa tana da alaƙa kai tsaye da ko jirgi zai tashi daga Ambursa.

Abin da korona ta ƙara shi ne ta kwashe takardun nan ta zuba a waya. A lokacin annobar sai ka cike bayananka a intanet, ka nuna sakamakon gwaji mai ɗauke da lambar da na'ura ke karantawa, kafin a bar ka ka hau. Gwajin ya wuce, amma ɗabi'ar ta zauna. Biza ta koma ta intanet, ana ɗaukar hoton yatsu da na fuska tun daga gida, Saudiyya ta fito da manhajar Nusuk da katinta wanda in babu shi alhaji ba ya shiga wuraren ibada. Dattijuwar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba, jikanta ɗan sakandare ne zai zauna ya nuna mata inda za ta taɓa. Wasunku sun riga sun yi wannan aiki.

Albasa ba za ta hau jirgi ba

Lokacin da kujerun fasinja suka zama wayam, kaya ne suka riƙe wasu kamfanoni. Kamfanin jiragen Habasha ya cire kujeru daga wasu jiragensa ya riƙa jigilar magunguna da kayan asibiti, ya tsallake shekarar da ta durƙusar da manya. Allurar korona ta farko da ta iso Najeriya, kusan miliyan 4, a jirgi ta sauka Abuja ranar 2 ga Maris na 2021.

Wannan kan sa a riƙa cewa wata rana albasar Aliero za ta tashi daga Ambursa zuwa Turai. Ina ganin a yi hattara da wannan buri. Kuɗin dakon jirgi da kilo ake auna shi, albasa kuwa ga nauyi ga araha, kuma tana jure kwanaki a hanya. Tirela da jirgin ruwa ne abokan tafiyarta. Abin da ke hawa jirgi shi ne mai tsada, maras nauyi, mai saurin lalacewa, kamar furannin da Kenya ke aikawa Turai kullum dare. In ana son amfanin gonar Kebbi ya hau sama, sai an sarrafa shi tukuna, a busar, a niƙa, a ƙulla shi yadda zai cika sharuɗɗan masu saye. Wannan aikin masu ilimin noma da sarrafa abinci ne, ba na matuƙi ba.

Jirgin da ya fi kusa da ƙauye shi ne maras matuƙi. Kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitocin karkara a Ruwanda a 2016, ya kai allurar korona ƙauyukan Ghana a 2021, ya kuma fara aiki a Jihar Kaduna a 2022. Ma'aikacin asibiti zai aika saƙo ta waya, a ɗora kayan da ba su kai kilo biyu ba, jirgin ya tashi da batir, ya saki ƙunshin da 'yar lema a harabar asibiti ya juya. Ku tuna garuruwan fadama da mota ba ta shiga da damina, ga mai haihuwa tana zubar da jini. Sai dai a sani, ba a tayar da irin wannan jirgi don aiki sai da izinin hukumar NCAA, saboda dalilan tsaro da kowa ya sani.

Zafi da mai

Jiragen sama ne ke fitar da kimanin kashi 2 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma a 2021 kamfanonin suka yi alkawarin magance nasu kason kafin 2050. Babban abin da suka dogara da shi wani mai ne da ake tacewa daga tsohon man girki da tarkacen amfanin gona, irin man da mai ƙosai ta gama suya da shi. A Nuwamban 2023 wani jirgi ya tashi daga Landan zuwa New York da irin wannan mai zalla. Amma har yanzu bai kai kashi 1 cikin 100 na man da ake sha ba, kuma ya fi na yau da kullum tsada. Jirgi mai batir kuwa yana nan, sai dai ƙarami ne: wanda aka fara ba lasisi a Turai a 2020 mutum biyu yake ɗauka, kuma ba ya cika awa guda a sama. Kilo ɗaya na man jirgi ya fi kilo ɗaya na batir ƙarfi fiye da sau 40. Ba da batir za a kai alhazai 400 Madina nan kusa ba.

Zafin kansa matsala ne ga jirgi. Iska mai zafi ba ta da kauri, fukafuki kuwa da kaurin iska suke ɗaga nauyi. Da tsakar ranar Afrilu a Kebbi, lokacin da ma'auni ke haura 40, jirgi mai cikakken lodi na buƙatar gudu mai tsawo kafin ya ɗaga, ko a rage masa kaya. Da hunturu kuma hazo ke rufe titin sauka. Wanda malamin Fiziks ya koya wa darasin nauyin iska ya riga ya riƙe bakin zaren.

Aikin yana ƙasa

Da aka sake buɗe sama a 2022, manyan filayen jirgi na Turai suka rikice. Jirage na nan, fasinjoji na nan, amma an sallami masu ɗora kaya da masu bincike a lokacin kulle, da yawa kuma sun kama wata sana'a. Jakunkuna suka taru tsibi-tsibi. Filin Heathrow na Landan sai da ya ƙayyade fasinjoji 100,000 a rana. A nan duniya ta gane cewa mutum biyun da ke gaban jirgi suna tashi ne a kan wuyan ɗaruruwan da ba a gani.

Ko jirgin da ke ajiye ba ya rabuwa da injiniya. Dole a toshe bakin injinsa, a riƙa motsa tayoyinsa, a rufe wasu 'yan siraran bututu da ke gefen hancinsa waɗanda ke auna gudunsa. Dalili? Zanzaro. Yadda yake ginin laka a kusurwar ɗakinku, haka yake yi a cikin bututun nan, kuma idan ya toshe, agogon matuƙi zai riƙa ba shi gudun ƙarya. Bayan kullen korona hukumar kula da lafiyar jirage ta Turai sai da ta yi gargaɗi a kan sheƙar ƙwari a jiragen da suka daɗe a ajiye. Jirgin biliyoyin naira, ga rayuka ɗaruruwa, amma ƙwaro ɗaya zai iya jefa shi cikin hatsari idan mai dubawa ya yi sakaci.

Kamfanin Boeing ya yi hasashe a 2024 cewa cikin shekara 20 duniya za ta buƙaci sababbin ma'aikatan jirgi kusan miliyan 2.4, kuma masu gyara sun fi matuƙa yawa a lissafin. Afirka na da kusan kashi 18 cikin 100 na mutanen duniya, amma rabonta a zirga-zirgar jirage bai wuce kashi 2 ba, don haka fili na nan.

To ta ina ɗalibin Jega ko Maiyama zai shiga? Ƙofa mafi shahara tana Zariya: Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama, wadda aka kafa a 1964. Ana koyar da tuƙi, da gyaran jirgi, da aikin hasumiyar da ke ba jirage umarnin tashi da sauka, da kula da na'urorin sadarwa, da hidimar fasinja. Mai son tuƙi ko gyara sai ya zo da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks. Kada a raina Turancin. Shi ne harshen da matuƙi da mai hasumiya ke magana da shi a duniya, kuma akwai jarrabawarsa ta musamman. Ana kuma gwada lafiya sosai, har da ido: wanda ba ya bambance ja da kore zai sha wuyar samun lasisin tuƙi, gara ya sani tun yanzu ya duba wani fannin.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce karatun tuƙi na cin miliyoyi masu yawa, kuma lasisin farko ba ya ba mutum aiki nan take. Sai ya sake biyan horo a kan takamaiman samfurin jirgin da zai tuƙa, ya kuma tara awoyi. Akwai matasa a ƙasar nan masu lasisi a aljihu suna zaman jira. Ɗan talaka mai wannan buri ya sa ido kan tallafin karatu na gwamnati, ko ya nemi makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna ya shiga ta ɓangaren sojan sama. A Kadunan dai akwai cibiyar fasaha ta sojan sama, AFIT, da ke karɓar farar hula ta hanyar JAMB su karanci injiniyancin jirage.

Sauran ƙofofin suna kusa da gida fiye da yadda ake zato. Wanda ya karanci injiniyancin lantarki ko na inji, ko ilimin kwamfuta, a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ya samu tushen da ake ɗora horon jirgi a kai. Wadda ta shiga kwalejin kiwon lafiya ta Jega tana kan hanyar aikin da jami'an lafiya ke yi a bakin iyaka da filayen jirgi, na duba katin allura da gano mai zazzaɓi kafin ya shige cikin jama'a. Mai son Labarin Ƙasa yana da hukumar NiMet, wadda rahotonta na iska da hazo da hadari matuƙi ke karantawa kafin ya tayar da inji. Akwai 'yan kwana-kwana na filin jirgi, da jami'an shige da fice, da na kwastan.

'Yan mata kuma kada wani ya ce muku fagen na maza ne. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, a Zariya ta yi karatunta, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin daga 2011 zuwa 2014.